Ɗigar Bawul Ɗin Tsaro: Kada A Bar Jaki A Daki Taiki

A wannan mako za mu ƙetare teku ne mu leƙa gidajen Ingila, inda tsananin hunturu ya tilasta wa yawancin magidanta ajiye wata na'ura mai aiki da iskar gas, wadda Turawa ke kira boila. Ita ce ke ɗumama ɗakuna, ita ce kuma ke ba da ruwan zafi na wanka da wanke-wanke. Kada mai karatu ya ɗauka tukunyar gas ta girki ake nufi, ko kuwa ɗan ƙarfen nan mai igiyar lantarki da muke tsomawa cikin bokiti. Wannan akwati ne na ƙarfe da ake kafewa a bango, sau da yawa a ɗakin girki, bututai na shiga cikinsa suna fita.

Dalilinmu na ɗauko wannan magana biyu ne. Na farko, 'yan'uwanmu da yawa suna zaune a can, wasu karatu ya kai su, wasu aikin asibiti, wasu kuwa sauran neman halaliya, kuma galibinsu ba su taɓa ganin boila ba sai ranar da aka miƙa musu mabuɗin gidan haya. Na biyu, ƙaramin bawul ɗin da za mu yi bayani a kansa yana nan jikin hitar lantarki da ke rataye a banɗakunan gidaje da otal-otal na ƙasarmu, kuma kuskuren da ake yi game da shi a can shi ne ake yi a nan. Kuskuren kuwa shi ne, da zarar an ga bawul yana ɗigar da ruwa sai a ɗora masa laifi, a canja shi ko a toshe shi, alhali kuwa sau da yawa aikinsa yake yi, cutar tana wani wuri dabam. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza.

YADDA BOILA KE AIKI

Kafin a gane cuta sai an san jiki. A yawancin gidajen Ingila na yanzu, ruwan da ke ɗumama ɗakuna a kulle yake cikin bututai, ba ya fita, ba kuma a ƙara masa sabo sai da dalili. Wutar gas ta zafafa shi cikin boila, wani ɗan injin ya tura shi zuwa faffaɗan ƙarafan nan da ke jikin bangon kowane ɗaki, waɗanda aikinsu ya yi kama da na lagireton mota, sa'an nan ya komo cikin boila a sake zafafa shi. Haka yake ta zagaye, shekara da shekaru.

Tun da a kulle yake, ruwan yana da matsi, kuma ana auna matsin nan da wani ma'auni da ake kira ba. Don mai karatu ya ƙiyasta, ba 1 daidai yake da nauyin ruwan da ke sauka daga tankin da aka ɗora a tsayin mita 10, iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota kuwa takan kai ba 2 ko ta ɗara kaɗan. A gaban boila akwai geji, wani mai allura kamar agogo, wani kuwa mai nuna lamba. In ruwa ya huce, ƙa'ida ita ce geji ya tsaya tsakanin ba 1 da 1.5. In wuta ta kama, ruwa ya yi zafi, allura takan ɗan hau, amma bai kamata ta wuce wajen ba 2 ba.

Me ke sa ta hau? Ɗabi'ar ruwa ce in ya yi zafi ya kumbura. Idan bututan gida da lagiretocinsa suna ɗauke da lita 100, aka zafafa ruwan daga digiri 10 zuwa digiri 80, zai ƙaru da kusan lita 3, watau kwatankwacin ledar ruwan sha guda 6. Ruwa kuwa ba kamar iska ba ne, ba ya matsuwa. In babu inda wannan ƙari zai shiga, to bututu ne zai tsage ko wata mahaɗa ta ɓalle.

Saboda haka masu ƙira suka yi tanadi hawa biyu. Na farko wani ɗan tulu ne na ƙarfe, sau da yawa ja, wanda a cikin ƙananan boiloli yakan ci kamar lita 8. An raba cikinsa biyu da tantanin roba, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska da aka ɗura kamar ta taya, mai matsin da bai wuce ba 1 ba. In ruwa ya kumbura sai ya tura tantanin, iska ta matsu ta ba shi wuri, in ya huce sai iska ta komo da shi. Mu kira shi tulun iska. Tanadi na biyu shi ne bawul ɗin tsaro, wani ɗan abu na tagulla mai jar hula, wanda a cikinsa sifirin ke danne wata roba a kan bakin rami. An auna ƙarfin sifirin ɗin yadda ba zai saki ba sai matsi ya kai ba 3. Da ya kai haka sai roba ta ɗaga, ruwa ya bi wani bututu ya zuba a bayan gida, matsi ya sauka, sifirin ya sake rufewa.

A nan ne gundarin maganar take. Tulun iska shi ke aiki kullum, safe da yamma. Bawul ɗin tsaro kuwa mai gadi ne na ƙarshe, wanda a gida mai lafiya zai iya shekaru bai buɗe ko sau ɗaya ba. Don haka in an ga yana zubar da ruwa, tambaya ta farko ita ce, me ya sa matsi ya kai gare shi?

ABIN DA TARIHI YA KOYAR

Wannan ɗan bawul ya daɗe a duniya. A shekarar 1679 wani Bafaranshe mai suna Denis Papin, wanda ke zaune a Landan, ya ƙera tukunyar ƙarfe mai murfin da ake ɗaurewa tam, wadda tururi ke dafa ƙashi a cikinta har ya yi laushi. Ita ce kakar tukunyar matsi da mata ke dafa wake da ganda a cikinta yau. Don gudun kada ta fashe, sai ya yi mata wata 'yar ƙofa da sanda mai nauyi ke dannewa, in tururi ya yi yawa ya ɗaga ta ya fita. Daga nan dabarar ta shiga jiragen ƙasa da na ruwa da masana'antu.

Tun wancan zamani kuma ake samun masu ganin ƙarar bawul ita ce matsala. A watan Yuni na 1831, a Karolina ta Kudu cikin Amurka, mai iza wutar wani kan jirgin ƙasa da ake kira Best Friend of Charleston ya gaji da shewar tururi, sai ya danne bawul ɗin don ya sami sauƙin kunne. Tukunyar ta yi bindiga, shi kansa ya rasa ransa a sanadin haka. Kada kuma a ce wannan labarin injinan dā ne. Ranar 19 ga Janairu, 1982, tukunyar ruwan zafi mai aiki da gas ta fashe a ɗakin cin abinci na wata makarantar firamare a garin Spencer na jihar Oklahoma, yara 6 da malami 1 suka mutu. Bincike ya nuna cewa na'urar da ke kashe wuta ta kasa, bawul ɗin da ya kamata ya ceci lamarin kuma an riga an illata shi.

Me ke ba ruwa irin wannan ƙarfi? A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yana tafasa a digiri 100. In yana kulle ƙarƙashin matsi kuwa, yakan wuce haka nesa bai tafasa ba, a matsin ba 3 sai ya haura digiri 140. Ranar da ƙarfe ya tsage, matsi ya kuɓuce, wani kaso na ruwan zai rikiɗe tururi cikin ƙiftawar ido, tururi kuwa yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya haife shi. Boilolin zamani suna da wasu na'urori masu kashe wuta in zafi ya yi yawa, shi ya sa fashewarsu ba ta cika aukuwa ba, amma duk na'ura tana iya kasawa, kuma don ranar kasawar ne aka ajiye bawul.

A FARA TABBATAR DA BUTUTUN

Matakin farko na bincike ba ya bukatar sufana. Mutum ya fita bayan gida, ya dubi bangon da boila ke jingine da shi. Zai ga ɗan gajeren bututu na jan ƙarfe, mai kaurin milimita 15, wanda galibi aka lanƙwasa bakinsa ya komo yana kallon bango don kada ruwan zafi ya fesa wa mai wucewa. Wannan shi ne mafitar bawul ɗin tsaro, kuma a bushe ya kamata a same shi.

A kula kada a rikita shi da wani bututu na roba, fari ko baƙi, wanda ya fi shi kauri. Tun daga Afrilun 2005 doka a Ingila ta ce sababbin boilolin gas su zama irin waɗanda ke tatsar zafi daga hayaƙinsu, kuma wajen yin haka ruwa yakan taru kamar raɓa ya bi bututun roba zuwa magudana. Ɗigar wannan ba cuta ba ce, aikinsa ke nan. Haka nan tsofaffin gidaje masu ƙaramin tanki a cikin rufi suna da bututun ambaliya can sama, wanda in yana zuba, ƙwallon da ke tsayar da ruwa ne ya lalace, kamar dai yadda tankunanmu na sama ke yi.

In ana shakka, ko ana ruwan sama, sai a ɗaura leda ko a rataya gorar roba a bakin bututun jan ƙarfen, ba tare da an toshe shi ba, a bar ta kwana ɗaya. Idan aka sami ruwa a ciki, magana ta tabbata. Wata alama kuma ita ce zane fari ko kore a jikin bango ƙarƙashin bututun, ko ƙanƙara a ƙasa daidai wurin in ana tsananin sanyi.

GEJI SHI NE BABBAN SHAIDA

Bayan an tabbatar, sai a koma gaban boila da takarda da alƙalami. A kashe ta har ruwa ya huce sarai, a rubuta abin da geji ya nuna. Sa'an nan a kunna ɗumama ɗakuna, a riƙa duba allura duk bayan minti 10 har tsawon sa'a guda ana rubutawa. Da dare kuma a kashe, a rubuta, da safe kafin a kunna a sake rubutawa. Abin da za a gani ba zai wuce ɗaya daga cikin hali uku ba.

Hali na farko. Da sanyi allura tana kan ba 1, amma da wuta ta kama sai ta yi ta hawa da sauri har ta doshi ba 3, ruwa ya zuba a waje, da boila ta huce kuma sai allura ta faɗi ƙasa da inda ta faro, wani lokaci har sifiri. Wannan shi ne halin da aka fi gani, kuma yatsa yana nuna tulun iska. Ko dai iskarsa ta sace a hankali cikin shekaru, kamar yadda tayar da aka ajiye ke sacewa, ko tantanin roba ya yage ruwa ya cika tulun duka, ko kuwa siririn tiyon da ya haɗa tulun da boila ya toshe da dauɗa. Ko wanne ne, ruwan da ya kumbura ya rasa wurin zuwa, bawul ya yi abin da aka ajiye shi dominsa.

Ga yadda mai gyara ke rarrabewa. A jikin tulun akwai ɗan bawul irin na tayar mota sak. Zai fara sauke matsin ruwan boila gaba ɗaya, domin in bai yi haka ba gejinsa zai ba shi matsin ruwa ne a maimakon na iska. Sa'an nan ya danna ƙwayar bawul ɗin. In ruwa ya fito, tantani ya yage, sai sabon tulu. In iska kaɗan ta fito ko babu kome, sai ya ɗura ta da famfon hannu zuwa adadin da kamfanin ya rubuta. In kuwa tulun yana da iskarsa daidai amma allura ba ta daina gudu ba, sai ya binciki tiyon. Akwai kuma gidan da aka faɗaɗa, aka ƙara ɗakuna da lagiretoci, ruwa ya yi wa tulun yawa. Masu sana'ar sukan ƙiyasta girman tulu da kamar kashi 1 cikin 10 na ruwan da ke zagayawa, saboda haka maganin irin wannan gida shi ne a ƙara tulu na biyu a waje.

Hali na biyu. Allura tana hawa ko da boila a kashe take, an kwanta tana kan 1.5, an tashi tana kan 2.5 ko fiye. Ruwan sanyi ba ya kumbura, ashe ke nan wani ruwa ne ke shigowa ta ɓarauniyar hanya. Wuri na farko da za a duba shi ne tiyon ciko, wani ɗan tiyo mai saƙar ƙarfe fari a ƙarƙashin boila, mai makunni ɗaya ko biyu, wanda ta nan ake ƙara ruwa daga famfon gari. Ruwan famfo a yawancin unguwanni ya fi na cikin boila matsi, don haka in ba a rufe makunnin sosai ba, ko robarsa ta cinye, zai yi ta sulalowa. A rufe su tam. Irin tiyon da ake kwancewa ma, ƙa'idar ruwa ta ƙasar ta so a cire shi ne bayan an gama ciko, kuma in an cire aka ga bakin makunni yana ɗiga, an kama ɓarawo.

In tiyon ciko ba shi da laifi, saura wuri ɗaya. A boilar da ke ba da ruwan wanka nan take, akwai wasu siraran farantan ƙarfe da aka jera, ruwan boila na bin gefe ɗaya, ruwan famfo na bin ɗaya gefen, zafi na ratsawa ba tare da sun gauraya ba. Idan tsatsa ta huda faranti ko da kamar tsinin allura ne, ruwan famfo zai riƙa kutsawa. Ana gane wannan in aka rufe makunnin ruwan sanyi da ke shiga boila aka kwana, aka ga allura ta tsaya cik. Maganinsa canji ne, kuma aikin mai gyara ne.

Akwai kuma abu mafi sauƙi a wannan babi, watau mai gida da kansa ya cika ruwa fiye da kima, ya kai allura ba 2.5 da sanyi yana ganin ƙari alheri ne. Da zafi ya zo sai ta ƙarasa ba 3. Maganin wannan shi ne a bari ruwa ya huce, a sa ɗan mabuɗin lagireto a sassauta ƙaramar kusar da ke samansa, a tari ruwa da kwano har allura ta sauko wajen 1.2, a ɗaure.

Hali na uku. Allura ba ta taɓa kusantar ba 3 ba, da zafi iyakarta 1.8 ko 2, amma bututun waje yana ɗiga dare da rana, matsi kuma yana raguwa sannu a hankali. A nan ne kaɗai za a ce bawul ɗin kansa ya sami illa. Ko sifirin ya gaji, ko roba ta taurare, ko kuwa, wanda ya fi yawa, ɗan ɓarɓashin tsatsa ya maƙale a bakin ramin ya hana shi rufewa. Amma ko a nan ma a yi tambaya, yaushe ɓarɓashin ya sami shiga? Bai shiga ba sai da bawul ya buɗe, bawul kuwa bai buɗe ba sai da dalili. Shi ya sa gwanin mai gyara ba ya canja bawul ya tafi ba tare da ya auna tulun iska ba. Wanda ya sa sabon bawul ya bar mataccen tulu, kafin mako ya zagayo sabon ma zai buɗe, dauɗa ta shige shi, kuɗi ya tafi a banza. An bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Wani abin lura shi ne geji kansa yana iya yin ƙarya in dauɗa ta toshe siririn bututun da ke kai masa ruwa. Allurar da ba ta motsi ko kaɗan, da sanyi da zafi tana wuri ɗaya, abar tuhuma ce, sai mai gyara ya gwada da nasa gejin.

ABIN YI DA ABIN BARI

Abin da mai gida zai yi da hannunsa kaɗan ne, amma yana da amfani ƙwarai: duba bututu, karanta geji, rufe tiyon ciko, rage ruwa ta lagireto, da miƙa wa mai gyara takardar da ya rubuta. Wannan takarda takan rage rabin wahalar bincike.

Abubuwan bari kuwa uku ne. Na farko, kada a toshe bututun nan ta kowace hanya, ko da hula, ko da katako, ko da matse bakinsa da filaya. Na biyu, kada a murɗa jar hular bawul don rage matsi. Mutane da yawa sun mai da lafiyayyen bawul mai ɗiga ta wannan hanya, garin neman gira aka rasa ido. Na uku, kada a kwance murfin boila. A yawancin na zamani murfin yana daga cikin abin da ke tsare hayaƙi kada ya shigo ɗaki, hayaƙin gas da bai ƙone sosai ba kuwa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci. Dokar gas ta 1998 ta hana wanda bai ƙware ba taɓa irin wannan aiki, kuma tun daga Afrilun 2009 duk mai yin sa don a biya shi sai yana cikin rajistar da ake kira Gas Safe. Kowane mai rajista yana da katin shaida mai hotonsa, a bayan katin an jera irin ayyukan da aka yarda ya yi. Ba rashin kunya ba ne a ce ya nuna kafin ya shiga.

Ɗan haya kuma ya san haƙƙinsa. A Ingila dokar haya ta 1985 ta ɗora gyaran kayan ɗumama gida da na ruwan zafi a wuyan mai gida, haka kuma wajibi ne ya sa a binciki kayan gas duk wata 12, ya ba ɗan haya kwafin takardar. Saboda haka wanda ya ga ɗiga ya sanar da mai gida ko wakilinsa a rubuce, ya ajiye shaida, kada kunya ko tsoron baƙunta su sa ya yi shiru.

Wani zai ce, tun da ɗiga ce kawai, me zai hana in riƙa ƙara ruwa kowace safiya in ci gaba da harkata? Amsa ita ce, ruwan da ke cikin bututai an zuba masa maganin hana tsatsa, kuma duk ɗigon da ya fita da maganin yake fita. Sabon ruwan da ake ƙarawa kuma yana shigowa da iska da gishirin ƙasa, iska ta ci ƙarfen lagireto ta ciki ta haifar da baƙin taɓo, gishiri ya daskare a inda wuta ta fi zafi. Taɓon nan shi ne zai toshe tiyon tulu, ya kashe injin tura ruwa, ya huda lagireto. Gyaran da a yau bai wuce ɗura iska ba, baɗi sai ya zama sayen sabuwar boila. Ban da haka, in matsi ya faɗi ƙasa da wajen rabin ba, boila takan kashe kanta, kuma ba ta cika zaɓar yin haka ba sai a daren da sanyi ya fi tsanani, ga yara a gida.

MU KOMO GIDA

Yanzu mu waiwayi hitar lantarki ta banɗakunanmu, mai cin lita 30 ko 50 ko 80. A ƙarƙashinta, jikin bututun da ruwan sanyi ke shiga, akwai ɗan bawul mai ƙaramin baki a gefe. Shi ma na tsaro ne, sai dai an auna shi ya buɗe a wajen ba 7 ko 8. Bambancin da ya wajaba a sani shi ne, galibin waɗannan hitoci ba su da tulun iska, kuma bawul ɗin yana hana ruwa komawa baya. Don haka duk lokacin da ruwa ke zafi, ƙarin da ya yi ta bakin bawul zai fita. Hita mai lita 50 da aka zafafa daga sanyi tana iya zubar da kusan lita 1. Wannan ɗiga lafiya ce, abin da ake yi mata shi ne a sa siririn tiyo a kai ruwan magudana.

Ɗigar da ke nuna cuta ita ce wadda ba ta tsayawa ko an kashe wuta ruwa ya huce, wadda ke nuna ko bawul ya ci dauɗa ko injin tura ruwa na gidan ya yi ƙarfi da yawa. Mafi hatsari kuwa ita ce in bawul yana feso tururi, ko ruwan famfo ya fito yana tafarfasa. Wannan alama ce na'urar da ke kashe wuta in zafi ya isa ta mutu. A kashe lantarki nan take daga babban makunni, a nisanci hitar har ta huce, a kira mai gyara. Duk mai gyaran famfon da ya ce zai sa hula ya toshe bakin bawul don kada tayil ya ɓaci, ko ya ce a kafa hita ba bawul don a rage kuɗi, a sallame shi cikin mutunci a nemi wani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma abin da ya auku a Oklahoma bai nemi biza ba kafin ya auku a ko'ina.

A taƙaice, jama'a, bawul ɗin tsaro ɗan aike ne, in ya yi magana a saurari saƙon. A tabbatar da bututun, a karanta geji da sanyi da zafi, a tuhumi tulun iska da tiyon ciko kafin a tuhumi bawul, sa'an nan a bar aikin ciki ga mai shi. Mai hita a banɗakinsa kuma ya duƙa yau ya leƙa ƙarƙashinta, ya tabbatar bawul yana nan kuma bakinsa a buɗe yake. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba gubar nan marar wari da muka ambata, wadda janareto da gawayi ke haifarwa a ɗakunanmu lokacin hunturu. Kafin nan, a huta lafiya.